Me Ya Sa Ido Ke Karɓar Baƙo, Me Ya Sa Yake Korarsa? Tarihin Dashen Koniya Daga 1905 Zuwa Yargoje

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da 'yan uwanmu na ƙauyuka da sai sun hau tudu suke samun sabis.

Yau tarihi za mu taɓa, kuma bari in fara da ɗan lissafi. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya an yi shi ne a 1954, a birnin Boston na Amurka, shi ma don tsakanin tagwaye ne masu kama ɗaya, jikin wannan bai ga ƙodar wancan a matsayin baƙuwa ba. Dashen zuciya sai 1967 a Afirka ta Kudu. Nan kusa da mu, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002. To amma dashen tantanin gaban ido, wanda likitoci ke kira koniya, tun 1905 aka yi shi ya kama. Shekara 49 kenan kafin ƙoda. A lokacin babu maganin kashe ƙwayoyin cuta irin na yau, babu maganin kwantar da garkuwar jiki, ba a ma gane cewa garkuwar jiki ce ke korar abin da aka dasa ba.

Tambaya ta farko: me ya sa ido ya karɓi baƙo a zamanin da sauran jiki ke korar kowa? Ta biyu kuma ita ta fi damuna. In dai aikin ya tsufa haka, me ya sa har yau in ka shiga kasuwar Ƙanƙara, ko Sheme, ko Sabuwa, ba za ka rasa mai hakiya a ido ba, wani ma yaro ƙarami na yi mashi jagora? Da na bi tarihin sai na ga amsar tambayoyin biyu ɗaya ce, shi ya sa na ce sai mun yi shiri a kai.

Mece ce koniya?

Ɗauki madubi ka dubi idonka ta gefe. Wannan baƙin da kake gani, akwai wani tantani garau da ya rufe shi, ya ɗan turo gaba kamar gilashin agogon hannu. Ita ce koniya. Faɗinta bai wuce milimita 12 ba, kaurinta a tsakiya wajen rabin milimita. Sunan daga Latin ya fito, daga kalmar da ke nufin ƙaho, haka ma Larabawa ke ce mata ƙarniyya daga ƙarn, wato ƙaho, saboda taurinta. Ƙanƙantarta kada ta ruɗe ku, kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske a ido ita ke yi.

Abu biyu nake so ku riƙe. Na farko, koniya lafiyayya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Iska take sha kai tsaye ta cikin hawaye, abinci kuma daga ruwan da ke bayanta. Na biyu, a can cikinta akwai shimfiɗa guda ta ƙwayoyin halitta, aikinsu kwashe ruwa daga cikin koniya dare da rana, kamar masu yashe rijiya. In suka mutu ba sa sake tsirowa, ruwa ya taru, koniya ta kumbura ta yi fari. In kuma miki ya ci tsakiyarta ya warke da tabo, wannan farin tabon shi ne hakiya. Kada a haɗa ta da yanar ido, ita yana a can ciki take, aikinta ma daban ne.

Barewa, alade da zomo

Tunanin a yanke koniyar da ta yi fari a sa wata ya daɗe a Turai. Farkon labarin nasara kuwa daga hamadar Afirka ya fito. Wani likita ɗan Ailan, Samuel Bigger, Larabawan ƙauye sun kama shi a hamadar Masar wajen 1835. Yana hannunsu ya yi wa wata barewar gida da ta makance dashe, da koniyar wata barewa. A rahoton da aka buga a 1837 an ce dashen ya kama, barewar ta gani.

Da labari ya bazu sai likitoci suka koma ɗaukar ta dabba suna sa wa mutum. A 1838 Richard Kissam a Niyok ya sa wa wani saurayi koniyar alade, cikin makonni kaɗan ta yi fari. Wasu suka gwada ta zomo, wasu ta kare. Wani Bajamushe, Arthur von Hippel, ya ƙera wata 'yar na'ura mai yanka da'ira daidai wa daida, a 1886 kuma ya dasa ɓangaren koniyar zomo a idon wata yarinya, ganinta ya ɗan ƙaru. Amma yawancin gwajin wancan ƙarni asara ce. Suna zargin wuƙa, suna zargin ɗinki, suna zargin datti. Abin da Bigger ya dace da shi, barewa zuwa barewa, jinsi ɗaya, shi aka yi ta tsallakewa.

Olomuc, 7 ga Disamba 1905

A garin Olomuc, wanda yau yake Jamhuriyar Cek, akwai likitan ido Eduard Zirm. An kawo mashi wani lebura ɗan shekara 45, Alois Glogar, wanda sinadarin farar ƙasa ya fallatsar wa a ido biyu tun shekarar da ta gabata, ya ƙone su suka yi fari fat. A daidai lokacin kuma akwai yaro ɗan shekara 11, Karl Brauer, da ƙarfe ya shiga idonsa, ba yadda za a yi sai an cire idon. Amma koniyar idon lafiya lau take. Zirm ya cire idon yaron, ya yanko da'ira biyu masu faɗin milimita 5 da irin na'urar von Hippel, ya dasa wa leburan a ido biyun.

Ido ɗaya ya lalace. Ɗayan, na hagu, ya tsaya garau, mutumin ya koma gida yana gani har yana ɗan aikin gona. Ku lura, mutum ɗaya, likita ɗaya, rana ɗaya, koniya daga yaro ɗaya, amma ido ɗaya ne ya yi. Tun ranar farko tarihin wannan aiki ya zo da fuska biyu.

Matsalar da ta biyo baya ita ce ina za a samu koniya, tunda ba kullum ake cire idon mai rai ba. Vladimir Filatov a birnin Odesa, wanda yau yake Yukiren, shi ya nuna a 1931 cewa koniyar mamaci na aiki in an ɗauka da wuri an adana a sanyi. A 1944 Townley Paton ya buɗe bankin ido na farko a duniya a Niyok, wurin karɓa da tantancewa da raba koniyar da mutane suka yi wasiyya da ita. Aiki ya bunƙasa, amma har lokacin ba wanda zai iya faɗa maka dalilin da ya sa yake kamawa.

Abin da Medawar ya gano

Amsar daga Yaƙin Duniya na Biyu ta fito. Sojoji da fararen hula na ƙonewa, likitoci na ɗaukar fatar wani su lulluɓe ƙunar wani, bayan kwanaki fatar ta mutu ta faɗi. Peter Medawar, masanin halittu a Birtaniya, ɗan asalin Labanan ta wajen uba, ya yi aiki da likita Thomas Gibson a Gilasgo. A 1943 suka lura da wani abu: in aka sake ɗauko fata daga mutumin da ya bayar da farko, jiki na korar ta biyun da sauri fiye da ta farko. Ma'ana jiki ya gane ta, ya tuna ta. Abin da ke ganewa ya tuna kuwa garkuwar jiki ce, irin yadda take tuna ƙyanda bayan rigakafi.

Ga yadda abin yake. Kowace ƙwayar halitta a jikinka na ɗauke da wata alama da ka gada, kamar tsagar gado a fuska. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda muke ce wa sojojin jiki, suna yawo suna duba wannan tsaga. Wanda tsagarsa ba ta gida ba ce, a far mashi. Amma kafin a kai ga faɗa ana buƙatar hanya biyu. Akwai hanyar kai rahoto, wato wasu siraran magudanan ruwan jiki da ke kai labarin baƙo zuwa kaluluwa. Wannan kaluluwar da ke fito maka a matsematsi in ka ji ciwo a ƙafa, barikin sojojin ne ya cika. Sai kuma hanyar da dakaru za su bi su iso, wato jijiyoyin jini.

A 1948 Medawar ya dasa 'yar fata a cikin ɗakin gaba na idon zomo, bayan koniya. Ko da a zomon da jikinsa ya riga ya san mai fatar, fatar na nan da ranta muddin jijiyar jini ba ta shige ta ba. Da jijiya ta shiga, shi ke nan, an kashe ta. Daga nan masana suka fara kiran ido wuri mai alfarma a wajen garkuwar jiki. Medawar ya samu kyautar Nobel a 1960.

Bincike na baya ya nuna alfarmar ta wuce rashin hanya kawai, ido da kansa yana aikin kiyaye ta. A 1977 Henry Kaplan da Wayne Streilein suka nuna cewa baƙon abu in ya shiga ɗakin gaba na ido, saƙonsa ta jini yake bi ya je saifa, can kuma a samar da wasu ƙwayoyi masu ce wa sauran sojoji ku dakata, wannan an yi mashi izini. A 1995 masu bincike a Amurka suka gano cewa ƙwayoyin cikin ido na ɗauke da wani sinadari da in sojan jiki ya kutso ya taɓa shi, sai ya kashe kansa. A 2006 kuma aka gano koniya na fitar da wani furotin da ke kama saƙon da ke kiran jijiyoyin jini, ya riƙe shi. Wani abin sha'awa, ayu na tekun Amurka, ɗan uwan ayun da ke kogin Binuwai, ba shi da wannan furotin a koniyarsa, kuma shi koniyarsa da jijiyoyin jini take.

Me ya sa aka halicci ido haka? Saboda faɗa na barin tabo. A fatar hannu tabo ba komai ba ne, a tsakiyar ido kuwa makanta ce. Don haka ido ya zama wurin da ake kashe rigima tun kafin ta tashi. Wannan zaman lafiyar Zirm ya ci moriya ba tare da ya sani ba, kuma shi ya sa har yau yawancin dashen koniya ba a gwada rukunin jini, ba a ba mutum ƙwayoyin danne garkuwa na har abada irin na mai dashen ƙoda. Maganin ɗigawa ne. A idon da ba shi da jijiya, ba shi da kumburi, fiye da kashi 90 cikin 100 na dashe kan kai shekara garau.

In alfarmar ta karye

Yauwa, ga ɗaya fuskar. A 1948 likitan Faransa Louis Paufique ya bayyana wani abu da ya kira ciwon dashe: koniya ta kama, ta yi makonni ko watanni garau, rana ɗaya ta fara hazo. A 1951 Edward Maumenee a Amurka ya tabbatar da dalili. Ya yi wa zomaye dashen koniya ta kama, sannan ya ɗauko fata daga zomon da ya ba da koniyar ya dasa masu. Da jiki ya farga da fatar, sai ya juya kan koniyar ma. Wato garkuwar jiki ba ta manta da ido ba, kawar da kai kawai take yi.

A 1969 wani likita ɗan Iran, mutumin Shiraz, Ali Asghar Khodadoust, tare da Arthur Silverstein a jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa kowace shimfiɗa ta koniya ana iya korarta ita kaɗai. Mafi haɗari ita ce ta ciki, ta masu yashe ruwan nan. Da madubin likita ana ganin sojojin jiki sun ja layi, yawanci daga gefen da jijiyar jini take, suna tafiya a hankali kamar wutar daji. Gabansu garau, bayansu hazo. Har yau layin Khodadoust ake kiransa. Tunda waɗannan ƙwayoyin ba sa sake tsirowa, duk inda layin ya wuce an yi asararsa.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Miki mai daɗewa, ƙuna, ko ƙwayar cuta na sa jijiyoyin jini da magudanan kai rahoto su tsiro cikin koniya. In aka yi dashe a irin wannan ido, hanyoyin biyu a buɗe suke tun ranar farko, kuma rabi ko fiye na irin wannan dashen kan gamu da kora. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 1992 ya gwada daidaita tsagar gadon mai bayarwa da mai karɓa a irin waɗannan idanu, bai ga wani bambancin kirki ba. Ashe yanayin idon da za a dasa a ciki ya fi asalin koniyar muhimmanci. Manomi ya san wannan: iri mai kyau a gonar da wuta-wuta ta cinye, wahala ce.

Likitoci sun samo dabarar rage yawan baƙon. A 2002 Mohammed Anwar da Klaus Teichmann a wani asibitin ido a Jidda suka fito da hanyar hura kumfar iska a raba koniya, a canza gabanta kawai a bar wa mutum shimfiɗarsa ta ciki. A 2006 Gerrit Melles a Holan ya fara dasa shimfiɗar ciki ita kaɗai. Wani bincike na 2012 ya nuna a cikin shekara biyu, kora a wannan sabuwar hanya kusan 1 cikin 100 ce, a tsohuwar hanya ta canza duka kuwa 18. Ci gaba ne babba. Sai dai ta Melles ba ta maganin tabo, ta Jidda kuma sai in mikin bai huda har ciki ba.

Mu dawo gida

Yanzu ku tambayi kanku, me ke kawo hakiya a ƙasarmu?

A 1979 likitoci biyu da suka yi aiki da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, John Sandford-Smith da Hilton Whittle, suka wallafa bincike kan yaran Arewa. Suka ce mikin koniya a yara masu tamowa, wanda galibi ke biyo bayan ƙyanda, shi ne kan gaba wajen makantar da yara a Arewacin Najeriya. A mikin da yawa sun samu ƙwayar hapis, wadda ke fito da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Ƙyanda na ƙone sinadarin bitamin A na jikin yaro, tana kuma karya garkuwarsa, ido ya bushe, ƙwayar cuta ta samu wuri. Ita kuma hapis ba ta barin jiki, tana kwance a jijiya, tana iya tashi ko bayan dashe.

Sai amosanin ido, wanda aka daɗe ana yaƙi da shi a jihar Katsina. Ciwo ne da ke maimaita kansa tun yarinta har fatar ido ta tattare ta ciki, gashin ido ya juya yana gogar koniya duk ƙiftawa. Mata sun fi shan wahalarsa, za ka ga tsohuwa da ɗan matsefin cire gashi a ɗaure a bakin zane. Irin wannan ido ya bushe, ya cika da jijiya, in ma an dasa sabuwa gashin zai ci gaba da gogarta.

Sai na kaka. Mu yankin masara da dawa ne, daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa. Ganyen dawa ya shafi ido, ko ƙaiƙayi ya faɗa wajen sussuka, ɗan karce ne da ba a ɗauka komai ba. Amma kayan gona na ɗauke da ƙwayar fumfuna. Daga nan sai a shiga gwaje-gwaje: nonon mai shayarwa, ruwan sukari, ruwan albasa, ruwan ganye, tozali, wani har ruwan batir. In abin ya ƙi, a je kemis a sayo maganin ɗigawa mai sitiroyid, jan ya ragu kwana biyu, mutum ya ce an dace, alhali sitiroyid taki ne ga fumfuna da hapis. Kafin a isa asibiti miki ya ci tsakiya.

Kun ga inda maganar ta dosa? Ƙyanda, hapis, amosani, mikin gona, ƙuna. Duk cikinsu babu wanda ba ya jawo jijiyar jini cikin koniya. Cututtukan da ke makantar da mu su ne dai masu rushe alfarmar da ta sa dashe ke kamawa. Wannan kashi 90 da ake faɗa, yawanci na idon da ke zaune lafiya ne, wanda siffar koniyarsa ce kawai ta lalace. Idon ɗan Yargoje da ƙyanda ta ci yana shekara biyu, lissafinsa daban. Shi yaro ma akwai ƙarin matsala, in ƙwaƙwalwa ba ta koyi gani da idon tun yana ƙarami ba, ko an sa sabuwar koniya daga baya ganin ba zai cika ba.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wajen mutum miliyan 1.13. Yanar ido ce ke da kashi 43, tabon koniya kuma kashi 7.9. In ka buga lissafi, kusan mutum dubu 90 kenan, ban da yara da matasa. Binciken ya ce kashi 84 na makantar nan ana iya kauce mata ko a magance ta.

Bayan tiyata, sai hanya

A ce ma mutum ya samu an yi mashi. Wallahi ranar tiyata ita ce mai sauƙi. Ana ɗinke koniya da zare da ya fi gashi siranta, yana iya shekara ko fiye a ido. In ɗinki ɗaya ya saki, shi kansa yana kiran jijiya. Ana ɗiga sitiroyid watanni, wani shekaru, shi kuma yana iya tayar da hawan jinin ido, don haka dole a riƙa aunawa. Alamomin kora huɗu ne: ido ya yi ja, ya ƙi haske, gani ya ragu, ko ya yi zafi. In aka isa wurin likita cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa ana kashe wutar. In aka yi mako biyu, layin Khodadoust ya gama wucewa. Kuma dashe na biyu ya fi na farko saurin koruwa, kamar dai fatar Medawar.

To ku auna wannan da halin da muke ciki. Likitan da zai duba irin wannan ido sai Katsina, ko Zariya, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Kano inda asibitin ido na ECWA yake tun 1943. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni a haka. Wanda idonsa ya yi ja a lokacin, wa zai kira? A watan Yuni 2024 'yan bindiga suka shiga Yargoje suka kashe mutane da dama, suka tafi da mata da yara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Garin da aka tarwatsa, jami'in rigakafi ba ya zuwa, gona ba ta nomuwa, yara na kwana a cunkushe a gudun hijira. Tamowa da ƙyanda kenan a wuri ɗaya, abin da aka rubuta a Zariya tun 1979. In muna lissafin ɓarnar rashin tsaro muna ƙirga gawa da shanu da kuɗin fansa. Idon yaran da za su tashi da hakiya ba ya shiga lissafin, ni kuwa ina ganin ya kamata ya shiga.

Ina za a samu koniyar?

Wani bincike na duniya kan shekarar 2012 ya ƙirga dashen koniya kusan dubu 185 a ƙasashe 116, alhali mutum miliyan 12.7 na jira. Koniya ɗaya ga mabuƙata 70. Najeriya na da dokar dashen koniya tun 1973, zamanin Gowon, sannan Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta yi tanadi kan bayar da sassan jiki ta kuma hana sayar da su. Duk da haka yawancin koniyar da ake dasawa a ƙasar nan daga waje ake kawo ta, da kuɗin waje.

Ƙasashen da ba su fi mu kuɗi ba sun yi. A Siri Lanka, likita Hudson Silva ya kafa ƙungiyar bayar da ido a 1961, har suka koma aika wa wasu ƙasashe. Habasha ta buɗe bankin idonta a Addis Ababa a 2003.

Na san abin da ke ran da yawa daga cikinku, domin gawa na da alfarma a wurinmu, kuma muna gaggauta jana'iza. Ga abin da ke rubuce. A 1988 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda, ta halatta ɗaukar sashen jikin mamaci don ceton mai rai ko dawo mashi da wani muhimmin aiki na jiki, da sharaɗin izininsa kafin rasuwa ko na magadansa, kuma ban da ciniki. Ta ma kawo misalin amfani da koniyar idon da aka cire saboda ciwo, wato daidai abin da Zirm ya yi. Akwai malaman da ba su yarda ba, kuma suna da hujjojinsu. Ni ba malami ba ne, ba fatawa nake bayarwa ba. Abin da nake roƙo shi ne malamanmu da likitocinmu su zauna wuri ɗaya, likita ya yi bayanin cewa ana iya ɗaukar tantanin kawai ba duka ido ba, cikin ƙasa da awa ɗaya, a 'yan sa'o'in farko bayan rasuwa, malam kuma ya yi hukunci a kan abin da ya ji da kunnensa.

Abin da ke hannunmu

Banki da likitan tiyata aikin gwamnati ne, kuma za mu ci gaba da tambayar 'yan majalisarmu ina aka kwana. Amma tarihin nan ya nuna mani cewa koniyar da ta fi kowace kamawa ita ce wadda aka haife ka da ita, kuma tsaron ta ya fi arha nesa ba kusa ba.

Ƙanenka ko ɗiyar yayarka, duba katin rigakafinsu yau. Allurar ƙyanda a wata 9, ta biyu a wata 15. Ɗigon bitamin A daga wata 6 zuwa shekara 5, sau biyu a shekara, kyauta ne. In akwai 'yan gudun hijira a unguwarku, su za a fara tambaya, domin su ne katinsu ya ɓace a hanya. Yaron da ke ƙyanda ya rufe ido ya ƙi buɗewa, ko mai dundumi da ba ya gani da magariba, asibiti za a kai shi ranar.

Lokacin girbi da sussuka, a riƙa sa tabarau na roba. In abu ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta, kada a zuba komai, in an kwana yana ciwo a nemi ma'aikacin ido. Abokanmu masu kemis, don Allah ku daina miƙa maganin ɗigawa mai sitiroyid ga duk mai jan ido. Tsohuwar da gashin ido ke sokarta, akwai ƙaramar tiyatar fatar ido da ke gyara shi kafin ya ci koniya.

In kuma kun san wanda aka yi wa dashe, ku haddace mashi alamomin nan huɗu, ku tanadi kuɗin motarsa tun kafin ranar ta zo.

Nan za mu tsaya yau. Ku tura wa na gida, wanda ba ya karatu ku karanta mashi. Allah Ya ba mu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Yargoje da Katsina baki ɗaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.